Darasi: Zana Bargon Ƙyallaye Yadda Masu Zanen Amurka Suka Yi

Masu kallo, assalamu alaikum. Ga kayan aikinmu na yau: takardar fenti mai kauri, fensir mai tauri, burushi babba da ƙarami, fentin ruwa, sai tef ɗin awo.

Hanyar da za mu bi ta masu zanen Index of American Design ce, aikin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa daga 1935 zuwa 1942, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe masu zane suka rasa abin yi. An baza su gidajen mutane da gidajen tarihi suna zana kayan hannu: bargunan da mata ke haɗawa da ƙyallaye, kujerun mabiya Shaker (wata ɗariƙar Kiristoci), tukwanen Jamusawan Pennsylvania. Zane wajen 18,000 suka bari, yau suna gidan adana zane-zane na National Gallery of Art a Washinton. Ƙa'idarsu guda ce: abin da ido ya gani shi hannu zai ajiye.

To, awo tukuna. In bargon santimita 200 ne, ku rage shi zuwa kashi ɗaya cikin biyar, ya zama 40 a takarda. Ku fitar da kowane ƙyalle da fensir, sama-sama. Wanda ya danna fensir ya huda fuskar takarda, fenti zai kwanta a ramin ya bar baƙin layi.

Yanzu ku ɗan jiƙa takardar, danshi kawai, kada ruwa ya kwanta. Ku shimfiɗa launi mafi haske, ku jira ya bushe ƙarau kafin na biyu. Nan gaggawa ke ɓata aiki: sabon launi kan ɗanye sai su cakuɗe, ja ya koma kalar laka. Shafi uku ko huɗu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don yadi ba ya ƙyalli.

Ɗinkin kuwa, shi ne ran zanen. Kowace tsaga ta allura tana lotsa yadi. Ku bar farin takarda ya zama zaren, sannan ku ɗiga siririyar inuwa a gefe guda, gefen da haske ba ya bugu. In inuwar ta yi ta sauya gefe, bargon zai kwanta shamɓal kamar tabarma.

Inda launi ya koɗe ko aka yi faci, ku zana shi haka; kada ku gyara wa mai ɗinkin aikinta. Filin takardar da ke kewaye da bargon kuma ku bar shi fari fat. A wata takarda ku rubuta girmansa, irin yadin, da garin da aka ɗinka shi.