Faifan da ya gano rokar Rasha, ga ni a gindinsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau na baro Manchesta tun da sassafe, jirgin ƙasa na hau na sauka a wani ɗan ƙauye Goostrey, daga nan kuma na taka da ƙafa cikin gonaki, iska na kaɗawa sanyi har cikin ƙashi. To ku duba bayana. Kun ga wancan farin abun kamar faifan fifita tuwo amma na ƙarfe? Nan ne Jodrell Bank, faɗin faifan nan mita 76 ne, wallahi kyamara ba ta nuna girmansa yadda yake, sai ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa.

Tun a bakin shiga suka ce a kashe waya, don abun kunne ne, sauraron sama yake yi, siginar wayarka kaɗai ta isa ta dame shi. Shi ya sa yau da kyamara nake ɗauka.

Wanda ya gina shi sunansa Bernard Lovell, malamin jami'ar Manchesta ne da ya yi aikin rada lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi fa taurari yake son saurare, amma aikin ya ci kuɗi fiye da yadda aka tsara, bashi ya yi masa katutu, 'yan majalisa suka taso shi gaba, jaridu na cewa an zubar da kuɗin jama'a a gona, har ana batun zai iya ƙarewa a gidan yari. Kuma ku ga irin dabarar da suka yi don rage kashe kuɗi, haƙoran ƙarfen da ke ɗaga faifan nan sama da ƙasa daga tsofaffin jiragen ruwan yaƙi biyu aka ciro su, waɗanda da can suke juya manyan bindigogi.

Ana cikin haka, ran 4 ga Oktoba 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko. Ɗan ƙwallo ne fa, faɗinsa santimita 58, nauyi kilo 83 da ɗoriya, yana zagaye duniya cikin minti 96 yana ƙara bip bip bip, duk mai rediyo mai kyau yana iya kama shi. Amurkawa sun riga sun gina tashoshinsu na bin sawun taurarin ɗan adam, masu suna Minitrack, amma sun saita su a kan megahaz 108, shi kuma Sputnik a kan 20 da 40 yake magana, sai da suka yi ta gyare-gyare cikin gaggawa. Amma abin da ya fi tada hankalin turawa ba ƙwallon ba ne, rokar da ta kai shi ce, don rokar da za ta kai ƙwallo sama za ta iya kai bam Landan ko Niyok, kuma ita ba ta ƙara, shiru take yawo. Sai da rada za a gan ta, wato ka aika sigina ta doki ƙarfen ta dawo maka, daga lokacin da ta ɗauka ka lissafa nisa. A duk yammacin duniya faifan nan ne kaɗai zai iya, kuma bayan kamar mako guda ya kama ta tana wucewa. Mutumin da ake zagi jiya sai ga shi ya zama gwarzo, a 1960 wani attajiri Lord Nuffield ya taimaka aka biya sauran bashin.

A ciki na ga bayanin 1966 ma, lokacin da na'urar Rasha Luna 9 ta sauka a kan wata tana aiko hotuna, mutanen nan suka kama siginar, suka gane irin ta na'urar aika hoton jarida ce, suka aro ɗaya a jaridar Daily Express, hotunan suka fito a Ingila kafin Rasha ta fitar da nata.

To abin da ya sa na yi wannan tafiyar ma shi ne Kano. Mutane da yawa ba su san NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta taɓa kafa tashar bin sawu a Kano ba, a shirin Mercury na kai mutum sararin samaniya, ɗaya daga cikin tashoshi 18 da aka jera a faɗin duniya. Ran 20 ga Fabrairu 1962 da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya sau uku, Kano na cikin masu sauraronsa. Sannan a watan Agusta 1963 Shugaba Kennedy ya yi waya da Sa Abubakar Tafawa Balewa ta tauraron ɗan adam Syncom 2, ta wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a Legas. Na yi firamare da sakandare a Kano ban taɓa jin wannan a aji ba, sai da na zo ƙasar mutane, abun ya tsaya min a rai gaskiya. Nan Jodrell Bank kuwa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 2019, ga yara 'yan makaranta can an kawo su cikin riguna masu ƙyalli suna ta tambayoyi. Don Allah masu kakanni a Kano ku zauna da su ku tambaye su labarin tashar nan, ku naɗa a waya.

Tsaya tsaya, kun ji wannan ƙarar? Faifan ya fara juyawa, a hankali yake tafiya a kan layin dogonsa, bari in matsa kusa da shingen ku gani da kyau.