Yadda Rashi Da Wahala Ke Shiga Alƙalamin Marubuci

Assalamu alaikum masu kallo. A ce wa mutum biyu kowa ya rubuta labarin matar da mijinta ya rasu. Wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba zai ce ta yi ta kuka har ta suma. Wadda ta yi takaba kuwa, wata huɗu da kwana goma, ba nan za ta tsaya ba. Za ta rubuta ranar da 'yan zaman makoki suka watse, aka naɗe tabarmi, da magariba ta zuba tuwo a kwanon maigida kafin ta tuna babu mai ci. Abin da rashi ke fara ba marubuci ke nan, sanin ƙananan abubuwan da ba a ƙirƙirowa.

Yakan kuma zaɓa masa jigo. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, shi ya sa auren dole da ilimin 'ya mace ke yawan dawowa a littattafanta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi, wato waƙoƙin makoki, ga makusantanta. Da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837, halinsa da tausayinsa ta fi jaddadawa, ba yaƙe-yaƙensa ba, domin abin da ta rasa ke nan.

To amma fa, shan wahala ba ya mai da mutum marubuci. A nan ake yawan tuntuɓe. Wanda ya rubuta da zafin abin, labarinsa yakan koma ƙorafi ko huɗuba. Kishiya ta zama shaiɗaniya, baffan da ya cinye gonar gado ya zama ba shi da alheri ko ɗaya, tauraruwa kuma ba ta taɓa laifi. Mai karatu ya san ba haka mutane suke ba, sai ya ajiye littafin. Dalili shi ne marubucin yana neman a ba shi gaskiya ne, ba labari yake bayarwa ba. Rubutu kamar kunu ne, da zafinsa ba ya shayuwa.

Ga yadda ake yi. Lokacin da abin ke ɗanye, a samu littafin rubutu a riƙa zuba abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji: wa ya zo gaisuwa, me ya ce, nawa aka sayi likkafani. Kada a tura shi WhatsApp. A ajiye, ko da zuwa bayan arba'in ne. In an dawo, a ɗauki fage ɗaya tak. Manomin Auyo ko Ringim da ambaliyar 2022 ta cinye wa shinkafa, ba sai ya kawo tarihin damina duka ba. Safiyar da mai bashin taki ya yi sallama a ƙofar gida ta isa. Sannan a ba wanda ake jin haushi nasa uzurin, ko da layi biyu ne.

Sai batun sirri, wanda a ƙauye ya fi nauyi, tunda kowa ya san kowa. Sauya suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. A sauya gari, sana'a da yawan 'ya'ya, in ba haka ba kafin a kai babi na uku an gane gidan, zumunci ya lalace, wani lokaci har magana ta kai gaban dagaci. Idan asirin mamaci ne ko na marayu, a nemi yardar iyalin kafin a fitar.

Kafin bugawa, a karanta wa wanda bai san abin da ya faru ba, a bayyane. Duk inda ya tsaya yana tambaya, akwai giɓin da marubuci ya cike a zuciyarsa bai sa a takarda ba, sai a koma a gyara wurin.