Yadda kamfani ke ƙara basira ko ya dakushe

A wani shago a Kantin Kwari, yaron shago ya lura cewa mako uku ke nan fatake daga Nijar suna tambayar wani zanen atamfa da babu irinsa a shagon. Bai faɗa wa maigidansa ba, domin ranar da ya taɓa kawo shawara an tuna masa cewa aikinsa ɗaukar dila ne. Labarin yana cikin shagon, amma bai kai kunnen mai saro kaya ba.

A nan ake gane basirar kamfani. Masana harkar gudanarwa suna duba yadda abin da ƙaramin ma'aikaci ya gani ke isa ga mai yanke shawara, da kuma ko ana aiki da shi idan ya isa. Kamfani yana iya tara masu digiri a kowane ofis, ya kuma riƙa tafka kuskuren da mai gadinsa ma ya hango.

A shekarar 1975, wani injiniyan kamfanin Kodak na Amurka, Steve Sasson, ya ƙera kyamarar dijital, amma shugabanninsa ba su rungume ta da wuri ba, saboda ribarsu a sayar da fim ɗin hoto take. A 2012 kamfanin ya bayyana karayar arzikinsa a gaban kotu. Toyota kuwa ta Japan ta rataya igiya a masana'antunta, wadda kowane ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga matsala, shugabansa ya zo nan take, a tsayar da aiki idan ta kama. Da wuya a samu masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da za ta ba lebura wannan dama, kuma a ganinmu asara ce.

Akwai wata ɓaraka da Kanawa suka fi sani, wato ilimin da ke ƙunshe a kan mutum ɗaya. Alhaji shi kaɗai ya san dillalin da ke cika alkawari, da wanda ake ba kaya bashi, da lokacin da ya dace a saro. Idan Allah ya yi masa rasuwa, bayan sadakar arba'in sai 'ya'ya su buɗe littafin bashi, su tarar da sunaye da alƙaluma, babu wanda ya san me aka yi da kowa.