Tafarnuwa da sankarar mama mai bijire wa magani: ina aka kwana?

Ku ɗauki ƙwayar tafarnuwa guda, ku shinshina kafin a ɓare ta. Warin kaɗan ne. To ku jefa ta a turmi ku daka. Nan take ɗakin girki ya ɗauka, yatsu kuma su riƙe warin har washegari. Abin da ya faru a cikin turmin nan ne ya ja hankalin masu binciken sankara.

A cikin ƙwayar akwai sinadarai biyu da ke zaune kowa a ɗakinsa. Da tabarya ta rushe bangon da ke tsakaninsu, sai su haɗu su haifi alisin, sinadarin da ke ba da warin nan, wanda Chester Cavallito da abokin aikinsa suka ware a Amurka a 1944. Alisin ba ya daɗewa, yakan rikiɗe zuwa wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta. Ku riƙe sunan ɗaya daga ciki: DATS.

Yanzu mu je ga ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, 670,000 kuma suka rasu. Wani abin da ke ci wa likitoci tuwo a ƙwarya shi ne, mace za ta fara karɓar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, ƙullutun ya ragu, gida ya cika da hamdala, bayan watanni sai ciwon ya dawo, wannan karon maganin ba ya ko gezau da shi.

Ta yaya? Hanyoyin suna da yawa, amma ga wadda aka fi sani. Ku tuna mai kwale-kwale yana kwarfe ruwa da ƙwarya: ruwa na shiga, yana zubarwa. Wasu ƙwayoyin sankara na da wani famfo mai irin wannan aiki a jikin bangonsu, wanda Victor Ling da abokin aikinsa suka bayyana a Toronto ta ƙasar Kanada a 1976. Magungunan kemo irin su doksorubisin da Taxol na shiga, famfon na cillo su waje kafin su yi aiki. Kemo ya kashe raunanan ƙwayoyi, masu famfo su tsira su hayayyafa.

A nan tafarnuwa ta shigo. A Jami'ar Pittsburgh, Shivendra Singh da tawagarsa sun shafe shekaru suna gwada DATS a kan ƙwayoyin sankarar mama. Sun ga yana hana su rarrabuwa, yana tura su ga kashe kansu, yana kuma rage 'yan tsirarun ƙwayoyi masu taurin kai da ake zargi da dawo da ciwon. A Indiya kuma an ga wani ɗan'uwan DATS yana rage yawan famfon, sai dai a ƙwayoyin sankarar jini ne.

Ku lura da kyau: a faranti na ɗakin gwaje-gwaje aka ga wannan, sai kuma a jikin ɓeraye. A faranti, tataccen sinadari ake ɗigawa kai tsaye a kan ƙwayoyin. A jikin mace kuwa, sai ya bi ta ciki, hanta ta sarrafa shi, abin da zai isa mama ɗan kaɗan ne ƙwarai. Tafarnuwar da ke cikin miyarku ba ta kai wannan ma'auni ba, kusa ma ba ta yi ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Ƙarfin da ya sa masana ke sha'awar tafarnuwa, shi ne zai iya yin ɓarna. A 2002 wani bincike a Amurka ya nuna ƙwayoyin tafarnuwa na kwalba sun rage yawan wani maganin ƙanjamau, sakwinabir, a cikin jini da kusan rabi. Tafarnuwa mai yawa tana kuma hana jini saurin daskarewa, abin tsoro ga mai jiran tiyata ko wadda kemo ya riga ya raunana wa jini. Ɗanyar tafarnuwa da aka daka aka ɗaura a fata kuwa ƙuna take yi, har ta ɗuri ruwa. A garuruwanmu mata da yawa sai ciwo ya yi nisa suke isa asibiti, sau tari bayan watanni ana shafe-shafe da ɗaure-ɗaure a gida. Waɗannan watannin su ne lokacin da tiyata da magani suka fi cin nasara.

Yaya, Inna, ƙanwata, ki ci tafarnuwarki a miya, babu laifi. Idan kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ki je asibiti a makon nan. Idan kuma kina kan kemo, wani ya kawo miki kwalbar ƙwayoyin tafarnuwa don ƙauna, ki yi godiya, ki sa ta a jaka, ki nuna wa likitanki kafin ki haɗiyi ko ɗaya.