Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Tsohon Shugaban Tawagar Yaƙi da Gobarar Daji da Agajin Gaggawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma babban baƙonmu, shugabannin hukumomin kashe gobara da na agajin gaggawa, malamai masu horarwa, ɗalibai maza da mata, jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan kwas ina yi maka lale marhabin. Ka sha hanya tun daga Amurka, ka bar iyali da hutun da ka cancanta bayan ritaya, ka zo ka zauna da mu. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, to mu kuma da wannan zuciyar muka tarbe ka. Allah ya huce gajiya.

Da aka ɗora mini nauyin gabatar da kai, an miƙo mini takarda ɗauke da muƙaman da ka riƙe. Ba zan karanto ta ba, domin tana hannun kowa. Abin da nake so ɗalibanmu su lura da shi shi ne layin farko na takardar. Mutumin nan da ke zaune a gabanku, wanda ya kai ga shugabantar tawagar da ake kira idan gobara ta fi ƙarfin gari da jiha, da gatari da shebur ya fara, yana share ciyawa a gefen tsauni yana shaƙar hayaƙi. A ƙasarsu haka aikin yake. Kafin a bar matashi ya taka bakin wuta sai ya ɗauki jaka mai nauyin kimanin kilo 20 ya yi tafiyar kusan kilomita 5 cikin minti 45, kuma kowace shekara sai ya maimaita wannan jarrabawar. Daga nan sai ya shiga ayarin mutum 20 masu share layin tare wuta da hannu. Idan ya nuna hankali a ba shi mutum kaɗan ya kula da su, sannan ayari guda, sannan ayari da yawa haɗe da motoci, sannan ɓangare guda na gobarar gaba ɗaya. Kowane mataki yana da littafinsa na ayyuka, kuma ba a sa masa hannu a aji. Sai wanda ya riga shi ƙwarewa ya tsaya a kansa a wurin gobara ta gaske, ya ga da idonsa ya yi aikin, sannan ya rattaba hannu. Shi ya sa kafin mutum ya kai kujerar da baƙonmu ya zauna, galibi furfura ta fara fito masa.

Ina jaddada wannan ne saboda yawancinmu mun taso muna ganin shugabanci a matsayin abin da takardar naɗi take kawowa. A wannan aikin takarda ba ta isa ba. Wanda zai tura mutane cikin kwari da rana tsaka dole ya zama ya taɓa tsayawa a irin wannan kwarin, ya san yadda iska take juyawa bayan azahar, ya san cewa wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu fiye da lokacin da take gangarowa, ya san yadda ƙafar mutum take yin nauyi a awa ta goma sha huɗu ta aiki.

Tsarin da baƙonmu ya yi aiki a ƙarƙashinsa ba a zaune aka ƙirƙiro shi ba, asara ce ta haife shi. A ƙarshen watan Satumba zuwa farkon Oktoba na 1970, gobara ta tashi a wurare da dama a jihar Kalifoniya. Cikin kwana 13 mutum 16 suka rasu, gine-gine fiye da 700 suka ƙone, filin da wuta ta cinye ya haura eka dubu 500. Da ƙura ta lafa aka zauna bincike, sai aka tarar ma'aikata da motoci ba su ne suka yi ƙaranci ba. Hukumomi ne da yawa suka hallara, kowace da shugabanta, kowace da tashar oba-obarta da ba ta jin ta ɗayar, kowace da sunayen da take kiran kayan aikinta. Motocin wannan hukuma suna tafiya arewa, na waccan suna wuce su zuwa kudu. Daga wannan binciken aka kafa shirin FIRESCOPE, shi kuma ya fito da tsarin jagoranci na bai-ɗaya, wanda a 2004 gwamnatin Amurka ta mayar da shi ginshiƙin tunkarar kowane irin bala'i a faɗin ƙasar.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Shugaba ɗaya ne, kuma kowane ma'aikaci mutum ɗaya tak yake karɓar umarni daga gare shi. Ba a son wani jagora ya kula da mutane fiye da 7 kai tsaye, an fi son 5, idan sun haura sai a raba. A ƙarƙashin shugaba akwai mai kula da ayyukan fili, da mai tsare-tsare, da mai samar da abinci da mai da makwanci da kayan aiki, da mai riƙe lissafin kuɗi. A gefensa kuma akwai jami'in kare lafiya, wanda ke da ikon tsayar da duk aikin da ya ga zai halaka mutane ko da wa ya ba da umarninsa, da mai magana da jama'a, da mai sada tawagar da sauran hukumomi. Ana magana a oba-oba da harshe na kowa da kowa, ba da lambobin sirri ba. Shi ke nan. Wahalar tana wajen aiki da shi a daren da hayaƙi ya rufe hanya, waya ta katse, mutanen gari suna kuka a bakin shinge.

Ku ɗalibai, ina so ku hango yadda yini guda yake a wurin irin wannan shugaba. Waya ce take tashe shi, cikin 'yan sa'o'i shi da tawagarsa sun kama hanyar wurin da wataƙila bai taɓa takawa ba. Abu na farko shi ne ya zauna da hukumar da ke da ƙasar, ta ba shi takardar miƙa iko wadda ta fayyace abin da ake so ya kare da iyakar abin da zai kashe. Kafin gari ya waye an mayar da filin makaranta ko na kasuwar baje koli ya zama sansanin da zai ci da mutum ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Da asuba jagororin ayari su taru a gaban babbar taswira, kowa da kofin shayi da takardun shirin aikin ranar a hannu. Masanin yanayi ya faɗi ƙarfin iska da inda za ta dosa, masanin halayyar wuta ya nuna inda yake tsoro, a faɗi tashar da kowa zai kama, a faɗi inda jirgi mai saukar ungulu zai sauka idan wani ya ji rauni. Da rana shugaban yana tsakanin fili da taro. Da yamma yana tsaye a ɗakin taron gari a gaban mutanen da aka kwashe daga gidajensu, wani dattijo ya miƙe ya tambaye shi ko gidansa yana nan. Wani lokaci ya san amsar, kuma ba mai daɗi ba ce, amma dole ya faɗa. Da dare a sake zama a tsara na gobe. Haka za a yi ta yi har kwana 14, wanda shi ne tsawon zango guda a ƙa'idarsu, yini kuma yakan kai awa 16.

Ranka ya daɗe, akwai wani ɓangare na aikinku da na fi so mu tsaya a kai, domin shi ne dalilin da ya sa muka nace sai ka zo. Ina nufin sanin lokacin da za a ce wa mutane su janye.

Duk dokar da ke cikin littafin 'yan kwana-kwanan daji, akwai kabarin da ya sa aka rubuta ta. A 1910 wata gagarumar gobara ta cinye kimanin eka miliyan 3 a Idaho da Montana. A cikinta ne wani jami'in gandun daji, Ed Pulaski, ya kora mutanensa cikin ramin haƙar ma'adinai ya tsare bakin ramin, ya hana kowa fita, kuma mafi yawansu suka tsira. Har gobe kayan aikin nan mai gatari a gefe guda da fartanya a ɗaya gefen da sunansa ake kiran sa. A ranar 5 ga Agusta 1949, a kwarin Mann Gulch na Montana, wuta ta tsallaka ta tare hanyar wani ayari, yawancinsu samarin da suka diro da laima daga jirgi. Jagoransu, Wagner Dodge, ya ga ba za su tsere mata ba, sai ya ƙyasta ashana ya ƙone ciyawar da ke gabansa, ya kwanta cikin tokar, ya kira su su shigo. Ba su taɓa ganin an yi haka ba, ba su kuma saba da shi sosai ba, sai suka wuce shi a guje. Shi ya rayu, mutum 13 suka rasu. Na daɗe ina juya wannan labarin a raina. Dabararsa daidai ce, amma ba ta ceci mutanensa ba, saboda amanar da za ta sa mutum ya bi jagora ya kwanta a gaban wuta ba a minti guda ake gina ta ba. Tun kafin ranar gobara ake gina ta, a wurin horo da wurin cin abinci da doguwar tafiya a mota ɗaya. Wannan ne ma ya sa tawagogin da baƙonmu ya fito daga cikinsu suke zama da mutanensu shekara da shekaru, kowa ya san muryar ɗan'uwansa a oba-oba, ya san lokacin da ta canza.

A 1957 aka fitar da dokoki 10 na yaƙi da gobarar daji, daga baya aka haɗa su da alamomin haɗari 18. Duk da haka, a 1994 mutum 14 suka rasu a tsaunin Storm King na Kolorado, a ranar 30 ga Yuni 2013 kuma mutum 19 'yan ayari ɗaya suka rasu a Yarnell ta jihar Arizona bayan iskar hadari ta juya wutar. Tun kafin waɗannan asarori biyu, wani gogaggen jagora mai suna Paul Gleason ya dunƙule darussan aikin cikin abu 4 da ba a fara aiki sai da su: mai gadi da ke hango wutar daga tudu, hanyar sadarwa da ke aiki, hanyar tsira da kowa ya sani, da wurin fakewa da wuta ba za ta kai ba. Idan ɗaya ya ɓace, a ja baya. Faɗar haka a aji abu ne mai sauƙi. Amma shugaban da ya janye mutanensa ya san gidaje za su ƙone, ya san gobe za a tambaye shi dalili, mai yiwuwa ma a ce ya ji tsoro. Ni a ganina wanda ya iya ɗaukar wannan zargin ya koma da mutanensa gida cif-cif, shi ne ya kai shugaba.

Ƙwarewar nan ba ta tsaya kan wuta ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, an tura tawagogin gobarar daji birnin Niyok su taimaka da tsare-tsare da samar da kayan aiki, har daga baya hukumar kashe gobara ta birnin ta kafa irin tawagar tata. A 2003 da kumbon Columbia ya tarwatse, ma'aikatan gobarar daji ne suka yi ta taka dazuzzukan Texas suna tsintar ɓaraguzansa. A 2005 an kira su bayan guguwar Katrina. Ostareliya ma tana da tsari mai kama da wannan, shi ya sa idan wuta ta yi tsanani ƙasashen biyu suke aron jagorori daga juna, baƙo ya sauka yau gobe ya kama aiki. Saboda haka ku da kuke cikin wannan ɗakin kuna aikin ambaliya ko rushewar gini ko haɗarin mota, kada ku ce wannan zance na masu daji ne.

Ba zan ɓoye cewa aikin yana cin mai yin sa ba. Hayaƙin shekaru yana zama a ƙirji. Yara suna girma uba ko uwa suna bakin wuta duk bazara. A Amurka doka ta sa ma'aikacin kashe gobara na tarayya ya ajiye aikin yana da shekara 57, wato daidai lokacin da saninsa ya nuna, kuma samar da wanda zai gaje shi yana ɗaukar shekaru masu yawa. Gobarar kuma ba ta jira. A 2009 ta kashe mutum 173 a jihar Victoria ta Ostareliya, a 2018 ta shafe garin Paradise na Kalifoniya ta tafi da rai 85. Irin ilimin da ke kan mutum kamar baƙonmu, idan ba a zauna an kwashe shi ba, da shi zai tafi.

Don haka, ranka ya daɗe, muna da roƙo. Tsarin muƙamai da zanen akwatuna muna da su a littafi, malamanmu sun koyar. Abin da muke nema a wurinka shi ne abin da littafi bai ɗauka ba. Ka faɗa mana yadda kake shiga garin da ba naka ba, ka tarar da shugabanninsa sun kwana biyu ba barci, ka karɓi ragama ba tare da ka ci musu fuska ba, tunda su suka san hanyoyinsu da mutanensu. Ka faɗa mana yadda kake sa ƙaramin ma'aikaci ya iya buɗe baki ya ce wannan umarnin bai kwanta masa ba, a kuma saurare shi. Ka nuna mana yadda kuke zama bayan kowane aiki ku tambayi juna me aka shirya, me ya faru, me ya sa, me za a gyara, ba tare da zaman ya koma neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Muna kuma roƙon ka ware wa ɗalibanmu mata lokaci na musamman, domin suna da tambayoyi kan yadda takwarorinsu suka hau waɗannan matakan.

Gobe da safe ɗalibai za su yi atisaye a gabanka. Za a ba su taswira da labarin gobara, su kafa tawaga, su rubuta shirin aikin yini guda, su gabatar. Muna roƙon kada ka tausaya musu wajen gyara, su ma sun ce haka suke so.

Ku kuma ɗalibai, tafinta yana nan, kada wanda ya riƙe tambaya a ciki saboda kunya ko saboda harshe.

Mai girma shugaban taro, da izininka, ina gayyatar babban baƙonmu ya taso ya yi mana jawabi. Ranka ya daɗe, bismillah.