Gidan abincin da za a gina mana a unguwa: ina ruwan wanke-wanke za shi bi?

Laccar da aka yi bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, an kwaso ta daga rikodin waya.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zama. To kun dai ji labari, wani bawan Allah na son gina gidan abinci irin na zamani a filin bakin titi, wanda za ka tsaya da babur a miƙo maka kaza da dankali cikin leda ka wuce, kuma meri, wato ofishin magajin gari, ta buɗe abin nan da suke cewa komodo-inkomodo, wato rajista ce ake ajiyewa maƙwabta su zo su rubuta amfani ko cutar da suka hango kafin a ba da izini. Wallahi in ba mu je mun rubuta ba, shirunmu za a ɗauka yarda ce.

Ni ban zo in ce a hana shi ba, yaranmu na son aiki. Amma ruwan wanke-wanke fa, da man suya da ya ƙone, ina za su bi? Don Allah ku leƙa kwatar bayan masallaci, jiya na tsuguna na sa sanda, leda ce da yashi cunkus, sandar ko taki ɗaya ba ta shiga ba, to a ƙara mata maiƙo kullum safe da dare, shi maiƙo in ya huce daskarewa yake ya kama leda ya toshe hanya, ruwan Agusta na zuwa sai cikin zaurukanmu. Mu mutanen Maradi ba a ba mu labarin ruwa, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tada tsohon gari aka hawo tudu. Saboda haka mu rubuta cewa sai ya gina ramin tace maiƙo da tankin ruwan datti cikin filinshi, mu gani a takardar gini, alkawarin baki ba ya shiga rajista. Leda kuma akwai dokar 2014 da ta hana irin wadda ba ta ruɓewa, mu tuna musu.

Sai kaza. Kun tuna 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta, mun ga yadda kifi ya riƙa wari cikin firigo, to a tambaye shi gurub, wato injin ba da wuta, gare shi ko sola, in gurub ne ina za a aje shi, don bangon tsohuwar nan mai ƙosai ne ke jingine da filin, ita da jikokinta nan suke kwana.

Kuma ya faɗa mana inda zai riƙa sayen kaya. Ga tumatir da zogale a Jiratawa, ga mahautanmu, in daga nan zai saya alhamdulillahi.

Hajiya na ga kin ɗaga hannu, bismillah. Rajistar dai tana meri, kowa ya tafi da katin ɗan ƙasa, wanda bai iya rubutu ba ya same ni bayan magariba mu rubuta tare.