Dutsen Kagoro: Wa Ya Hau, Wa Ya Sauko?

Tun da bidiyon nan ya fara yawo a WhatsApp, na matan da ke gangarowa daga Dutsen Kagoro da kayan gona, tambaya ɗaya ake ta aiko mana: wane rikici ne ya kora su can sama? Jama'a, a nan aka juya labarin. Gidajen saman nan sun girmi garin da ke ƙasa.

Ga wurin: ƙaramar hukumar Kaura, kudancin Kaduna, kusa da Kafanchan. Tsayinsa ya haura mita 1,200 daga saman teku. Mai ɗaukar hotonmu sai da ya zauna sau uku kafin mu kai.

To, ku dubi abin da ke sama. Daga titi za ka rantse tsagwaron dutse ne, amma da ka ƙarasa sai ga fili shimfiɗe, ga gonaki, ga idanun ruwa suna ɓulɓulowa daga tsakanin duwatsu. Mutanen nan, da ke kiran kansu Agworok, sun san abin da suka zaɓa. A ƙarni na 19 mahaya daga masarautun Zazzau da Jama'a suna kai farmakin kamen bayi a yankin, kuma mu Hausawa bai kamata mu kauce wa faɗin wannan ba. Doki kuwa sarkin fili ne, a siririyar hanyar hawa dutsen nan ba shi da ta cewa. Mutum biyu ba sa jerawa. Wanda ke sama yana da ruwa, yana da rumbu, yana hango mai zuwa tun daga nesa. Shi ya sa Kagoro ba ta shiga ƙarƙashin wata masarauta ba.

Saukowar fa? Da Turawa suka iso a 1905 farmakin ya lafa, daga baya jirgin ƙasa ya iso Kafanchan, mishan suka buɗe makaranta, sai gari ya tsiro a gindin dutse. Marigayi Sarkin Kagoro, mai suna Gwamna Awan, ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008, gari ya bunƙasa a hannunsa.

Wasu dai ba su sauko ba, jikokinsu ne kuka gani. Shi ma bikin da ake yi kowace 1 ga Janairu sunansa Afan, wato dutse a yarensu.